Yadda Shirun Malam Hambali Ya Rushe Soron Makaranta

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, ni kuma na tsinta a bakin waɗanda suka karanta su, cewa an yi wani sarki a Birnin Rumfa ana ce masa Sarki Jatau. Mutum ne mai son sanin dalilin kowane abu. Ko akuya ce ta yi tari a ƙofar fada, sai ya tambayi abin da ta ci. Fadawansa sun fi tsoron tambayarsa a kan fushinsa, domin fushin yakan wuce, tambayar kuwa tana nan sai an amsa.

Aka ce wannan sarki ya yi umarni a gina wa yaran birni makarantu daga baitulmali, kowace unguwa da tata. Don kada a ce fada ta yi son kai, sai ya cire hannunsa, ya naɗa majalisar dattawa bakwai, su ne masu zaɓen wanda za a ba jingar gini, abin da mutanen yanzu ke kira kwangila. Shugabansu shi ne Malam Hambali, tsoho mai tsantseni, wanda ko goro ba ya karɓa sai ya san inda ya fito. A gabansa Wazirin sarki, Zailani, ya yi karatu, kuma har ya zama Waziri bai daina tuɓe takalmi tun daga nesa ba in zai gaishe shi.

Da aka zo kan babbar makarantar tsakiyar gari, mutum biyu suka nemi aikin. Ɗaya Madugu Sambo ne, attajiri mai magina da yawa a ƙarƙashinsa, ɗayan kuma wani magini ne mai suna Barmo. Majalisa ta zauna, baki ya zo ɗaya, aka ba Barmo. Ya gina soro mai kyaun gani, aka yi ta zuwa kallo. Damina na sauka, ruwan farko mai ƙarfi ya zuba, soron ya rufta gaba ɗaya. Allah ya taƙaita, ranar Alhamis ce, ba karatu, babu yaro ko ɗaya a ciki.

Nan fa gari ya ɗauka, domin kowa ya san Barmo ɗan Malam Hambali ne, ɗansa na fari.

Sarki ya kira Waziri ya ce, "Waziri, abu biyu nake gani. Ko dai an ci hanci, ko kuwa uba ya yi wa ɗansa hanya. In na farko ne, ka kawo mini wanda ya ci. In na biyu ne, za a warware rawanin Malam Hambali a ƙofar fada, ya bar mini gari. In kuwa akwai na uku, ina so in ji shi, don ban taɓa jin yadda mutanen kirki bakwai za su taru su zaɓi mugun aiki ba."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an gama." Ya fito. Tsoro yake ji ƙwarai, kada ya zama da hannunsa za a kori malaminsa a kan tsufa.

Ya fara da bincike a kan cin hanci, bai sami komai ba. Babu dattijon da ya yi sabuwar riga, babu wanda aka ga baƙon rago a gidansa. Ya tara shidan ya tambaye su abin da Malam ya ce a ranar zaɓe. Suka ce, "Ranka ya daɗe, ko uffan bai ce ba. Ana ambaton masu neman aikin ya sunkuyar da kai, ya ɗauki takalmansa ya fita." Ya ce, "To, me ya sa kuka zaɓi Barmo?" Suka dubi juna, babbansu ya ce, "Ai ba mu ji wanda ya kushe shi ba." Waziri ya juya wannan amsa ta kowace fuska, ya kasa gane gabanta da bayanta.

Daga nan ya nufi gidan Malam. Ya tarar da shi a zaure yana ɗaure littattafansa a cikin gafaka. Yana durƙusawa sai idonsa ya kai kan wata ƙatuwar gwafa da aka tokare rufin zauren da ita. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wa ya gina zauren nan?"

Malam ya kawar da kai ya ce, "Wancan ne."

Kun dai san al'adarmu a kan ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya kushe shi a gaban mutane, kai ka ce ba shi ya haife shi ba. Malam Hambali kuwa ya riƙe wannan kunya fiye da kowa a birnin. Waziri ya roƙe shi ya faɗi wani abu da zai kare kansa, Malam ya ce, "Zailani, abin da sarki ya gani shi ne daidai. Ka gaishe da mutan gida."

Da dabara ta ƙare wa Waziri, sai ya tafi wurin Madugu Sambo, yana zaton wanda aka hana aiki ba zai rasa abin faɗa ba. Ya same shi a rumfarsa, ba alamar ɓacin rai a fuskarsa. Da Madugu ya ji yadda majalisa ta yi, sai ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka yarda in ba ka labarin wata miya."

Waziri ya ce, "Ana maganar korar tsoho, kana maganar miya? To, faɗi mu ji."

Madugu ya ce, "Sa'ad da nake saurayi ina bin ayari zuwa Gwanja, akwai wani fatoma, wato mai masaukin fatake, da muke sauka a gidansa, mutum mai karamci. Saukarmu ta farko aka kawo mana tuwo da miyar shuwaka, ashe an manta ba a wanke ganyen ba. Ɗaci kamar ya tsinke harshe. Madugunmu na lokacin, don kada mai gida ya ji kunya, ya ce madalla da wannan miya. Mu ma muka ce madalla. Mai gida ya shiga ciki ya gaya wa matarsa cewa fataken nan ɗaci suke so. Kowace shekara muka sauka, sai an ƙara mana. Shi mai gidan yana ci tare da mu, idonsa na ƙwalla, yana haɗiyewa saboda baƙi, mu kuma muna haɗiyewa saboda shi. Ana nan, matar ta gaji da ganin ƙwarya na dawowa da saura alhali ana ta yabo. Ranar da za mu tashi, ta tsaya a bayan katanga, duk wanda ya zo ɗaukar kayansa shi kaɗai sai ta ce, baƙo, ba mai jin mu, tsakaninka da Allah yaya miyar nan? Ba wanda bai faɗi gaskiya ba, har mijinta. Ka gani, ranka ya daɗe, ba wanda ya yi nufin mugunta, ba wanda ya ci riba, amma shekara da shekaru muna shan ɗaci."

Waziri na jin haka ya miƙe ko sallama bai ƙarasa ba, ya nufi fada. Ya roƙi sarki ya zauna a bayan labule, shi kuma ya riƙa kiran dattawan ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Ba mai jin mu daga cikin abokan zamanka. Tsakaninka da Allah, wa zuciyarka ta zaɓa?"

Na farko ya ce, "Madugu na so. Amma da na ga Malam ya fita, sai na ce kunya ce ta hana shi roƙo. Mutumin da bai taɓa neman komai wurin kowa ba, ɗansa ya nemi abu sau ɗaya, a hana shi? Na yi masa kara. Kuma na ɗauka sauran sun san aikin yaron." Na biyu ya faɗi haka, na uku ma haka, har na shida.

Sarki ya fito daga bayan labule yana jinjina kai, ya ce, "Ashe akwai na ukun. Shi ya fita don kada ya ja su, fitar kuma ita ta ja su. Na ji daɗin amsar nan, Waziri. Sai dai da saura. Malam bai ci ba, bai roƙa ba, amma ya san abin da ya sani ya yi shiru, kuma 'ya'yan mutane ne za su zauna a ƙarƙashin soron. Gobe a gaban majalisa, a gaban ɗansa, ya faɗi abin da ya haɗiye. In ya faɗa, rawaninsa na nan. In ya ƙi, ƙofar gari a buɗe take."

Waziri ya san malaminsa, ya san barin gari ya fi masa sauƙi a kan wannan. Washegari fada ta cika, aka maimaita hukuncin sarki. Waziri dai ya riga ya fid da rai. Sai Malam Hambali ya ɗago kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara. Barmo ɗana ne. Hannunsa yana da kyau, amma ba shi da haƙuri. Ba ya jiran tubali ya bushe, kuma da ɗanyar azara yake rufi. Na san haka ranar da na ɗauki takalmana. Kada a sake ba shi ginin da yara za su zauna a ciki sai ya koyi jira."

Barmo, mutum mai furfura a gemu, ya rarrafo ya durƙusa a gaban uban yana hawaye, ya ce, "Baba, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinka ba sai yau. Ko da a kan laifi ne, na ji, kuma na ɗauka."

Aka ce sarki ya bar wa Malam rawaninsa, ya yi wa Waziri kyautar alkyabba, ya ba Madugu Sambo aikin sake ginin, Barmo kuma ya shiga cikin maginansa yana koyon jira. Sa'an nan ya kafa wa majalisa doka: duk wanda ke da ɗan'uwa a cikin masu neman aiki, shi zai fara magana, ya faɗi alherinsa da aibinsa, sa'an nan ya fita, sauran kuma a tambaye su ɗai-ɗai.

Abin lura a nan, ya kai mai sauraro, kunya da kara kyawawan halaye ne a cikin gida da tsakanin maƙwabta, ni ma ba na so a rasa su. Amma wanda aka ɗora wa amanar 'ya'yan jama'a, in ya yi shiru a kan abin da ya sani, mutane za su fassara shirun yadda suka ga dama, su yi gini a kansa. Haka na same shi, haka na isar, Allah kuwa shi ne mafi sanin yadda aka yi.