Wayar Da Souleymane Ya Kashe

Akwai wani direban tasi a garin Clinton na jihar Maryland, sunansa Souleymane, mutumin Maraɗi. Ya daɗe a Amurka. Ba ya wasa da salla, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa guda ne: ba ya sauraron uzuri. In ya yanke wa mutum hukunci, shi ke nan, an rufe magana.

Ɗansa ɗaya ne, Khalil, a nan aka haife shi, yana karatu a jami'a. Kamar sauran yaran da suka tashi a nan, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa.

Tun yana ƙarami yake da ciwon suga, irin wanda sai da allura kullum. Souleymane ya san da ciwon. Amma jinyar yaron aikin matarsa ce, Balkissa. Shi yana fita da sassafe, ya dawo a gajiye. Bai taɓa ganin yadda ciwon yake yi in ya motsa ba.

Wata rana suna cin tuwo, Khalil ya ce zai tafi Jamus yawon buɗe ido, shi da Alexander, abokin ɗakinsa na makaranta. Birnin Munich za su, a ƙarshen watan Satumba.

Souleymane ya ajiye lomarsa.

"Ba can ake bikin giya ba? Na sha kai masu zuwa wurin filin jirgi, da gajeren wandon fata kamar mahauta."

Khalil ya ce, da Turancinsa, kallo kawai zai yi. Akwai lilo, akwai kiɗa, akwai kayan gargajiyarsu, mutane har da ƴaƴansu suke zuwa. Ya ce, "Baba, ka san ba na shan giya."

"Duk faɗin duniya ka rasa abin kallo sai mashaya? In su kake son gani, zo ka zauna a gaban motata ranar Asabar. Kyauta ne, ba sai ka hau jirgi ba."

Balkissa ta ce, "Malam, yaron nan ya girma."

"To ya je. Ni dai na faɗi tawa."

Khalil ya tafi. Uwarsa ce ta kai shi filin jirgi, alhali ubansa direba ne.

Wata ranar Asabar da hantsi, Souleymane ya sauke fasinja a Annandale, wani gari mai ɗan nisa da gidansu, sai wayarsa ta yi ƙara. Khalil ne. A Jamus yamma ta fara yi.

Da ya ɗauka, abin da ya fara cika masa kunne ƙarar ƙaho ce da ganga, da dubban mutane suna waƙa baki ɗaya. Can cikin hayaniyar ya jiyo muryar ɗansa. Harshen ya yi nauyi, maganar tana ja kamar mai taunar ƙullu.

"Baba... Babana... ban gane hanya ba. Ƙasa tana juyawa. Zo ka ɗauke ni."

Souleymane ya san irin wannan murya. Shekara da shekaru yana jin ta daga kujerar baya ta motarsa.

"Ka sha ko?"

"Baba... sanyi nake ji..."

"Ka rasa wanda za ka kira da wannan bakin sai ni? Kada ka sake kirana sai ka dawo hayyacinka."

Ya kashe wayar. Ta sake yin ƙara. Ya duba, ya danne ta, ya kifa ta a kan kujera.

Ya so ya ci gaba da aiki, amma fushi ya hana shi. Ya juya kan mota ya nufi gida.

Balkissa tana kicin tana yanka albasa.

"Lafiya, Malam, ka dawo da wuri?"

"Ɗanki ya bugu. Ga yawon buɗe idon nan, ido ya buɗe." Ya karkace baki ya kwaikwayi muryar yaron. "Baba, ƙasa tana juyawa, zo ka ɗauke ni."

Ta ajiye wuƙar.

"Haka ya faɗa? Ko kai ne ka mayar da ita Hausa?"

"Haka ya faɗa. Giya ta buɗe masa baki, yau ya iya harshen ubansa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, ba giya ba ce. Sugansa ne ya faɗi."

Ta gaya masa abin da ya kamata a ce ya sani tun da daɗewa. In sugan Khalil ya yi ƙasa sosai, gumi ne ke karyo masa, harshensa ya yi nauyi, Turancin kuma ya ɓace masa gaba ɗaya. Sai ya koma Hausar da ta goya shi da ita. Yana firamare malamarsu ta taɓa kiranta a firgice, wai yaron yana wani yare da ba wanda ya gane.

"In aka ba shi abu mai zaƙi nan take, zai warware. In ba a ba shi ba, suma zai yi. In ya suma ba wanda ya kula..." Ba ta ƙarasa ba. "Tun yaushe ya kira?"

"Tun ina Annandale."

"Kuma ka tuƙo har nan?"

Suka kira Khalil. Wayar tana shiga, ba a ɗauka. Suka kira Alexander, shi ma haka. Balkissa tana kira da tata, Souleymane da tasa, suna tsaye a tsakiyar falo.

Makullin mota yana hannunsa har yanzu. Motar tana ƙofa, tanki cike da mai. Duk rayuwarsa ɗauko mutane yake yi daga inda suka maƙale. Yau ɗansa ya ce zo ka ɗauke ni, ga teku a tsakani.

Balkissa ta ce, "Je ka kira Katung."

Katung maƙwabcinsu ne, mutumin kudancin Kaduna, yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Kafin nan ya zauna a Jamus, yana jin Jamusanci. Souleymane ba ya wuce gaisuwa da shi, tun ranar da ya ga kwalaben giya a kwandon shararsa.

Ya same shi yana yanke ciyawar ƙofar gida da inji.

"A'a, Malam Sule da kansa? Ko motata ce ta tare maka hanya?"

Da ya dubi fuskarsa sai ya kashe injin. Bai jira ƙarshen bayani ba ya bi shi gida da takalmin ciyawarsa.

Katung ya san wurin bikin. Ya ce rumfuna ne manya-manya, ko wace tana cin mutane dubbai. A bayansu akwai wani tudu mai ciyawa inda waɗanda giya ta kayar suke kwanciya.

"Abin da nake tsoro ke nan. A ko'ina cikin duniya, in saurayi ya faɗi ƙasa mutane za su taru a kansa. A can, tsallake shi za a yi, a ce barci yake."

Ya nemo lambar masu ba da agajin gaggawa na wurin bikin, ya kira, ya yi ta Jamusanci da sauri. Can ya rufe bakin wayar da hannu.

"Suna tambaya, wane irin kaya ne a jikinsa?"

Souleymane bai sani ba. Balkissa ta ce koriyar jaket ce da baƙin wando. Khalil ya turo mata hoto da safe. Ita kaɗai ya turo wa.

Mutanen agajin suka ce za su baza ma'aikata su duba, amma filin yana da girma kuma ranar Asabar ce. A yi haƙuri a jira.

Suka zauna jira. Balkissa tana jan carbi, leɓenta kawai ke motsi. Souleymane ya yi alwala ya tada nafila, ya kasa tuna ko raka'a nawa ya yi. Ya sallame ya dawo ya tsaya a bakin taga.

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na ɗauka giya ce."

Katung ya ce, "To in giyar ce fa?"

Souleymane ya juyo.

"Yaro yana ƙasar da bai san kowa ba, bai san inda kansa yake ba, ya kira ubansa. Ni ina sha, Malam Sule, ka sani, shi ya sa ba ka shiga gidana. Zan gaya maka gaskiya. Ranar da na fi buƙatar a ɗauki wayata ita ce ranar da na sha."



Daga baya Alexander ya ga tarin kira ya bugo. Shi a zatonsa Khalil ya gaji ya koma masauki. Katung ya karɓi wayar ya ce masa ya fita daga rumfar yanzu, ya zagaya baya wajen tudun nan, ya riƙa kiran lambar Khalil yana bin mutanen da ke kwance ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne ko zai ji aljihun wani yana ƙara.

Haka aka same shi. Yana kwance a ciyawa tsakanin wasu ƙarti biyu masu minshari, wani ma ya ɗora masa hular biki a fuska don wasa. Jikinsa sharkaf da gumi mai sanyi. Ana girgiza shi ba ya motsi.

Alexander ya buɗe muryar wayar don su ji. Suka ji shi yana ihun neman taimako, suka ji gudun ƙafafu, suka ji wata mace tana ba da umarni da Jamusanci. Souleymane ya kama hannun Katung ya matse.

"Me suke cewa? Don Allah, me suke cewa?"

"Yana numfashi. Sun soki yatsarsa sun gwada. Yanzu suna gudu da shi."

Daga asibiti likita ya yi wa Katung bayani ta waya, shi kuma ya mayar musu da Hausa. Yaron yana da rai. Amma ya daɗe a sume, ba za a san irin ɓarnar da aka yi ba sai ya farka. Ba ko ɗigon giya a jininsa.

Alexander ne ya faɗi yadda abin ya faru. Khalil ya yi allurarsa kamar yadda ya saba kafin cin abinci, ya shiga layin sayen abinci. Layin ya yi tsawo. Da ya iso gaba sai ya tarar abin da ya rage duk naman alade ne. Ya ce shi ba zai ci ba, bari ya fita ya nemi kifi ko burodi. Daga nan cunkoso ya raba su, allurar kuma ta ci gaba da sauke masa suga, ga ciki ba komai.

Souleymane ya zauna a ƙasa, a kan kafet, ya dafe kansa.

Washegari Khalil ya farka. Aka haɗa su ta wayar bidiyo. Ya rame a kwana ɗaya, ga robar ƙarin ruwa a hannunsa, maganarsa tana fita a hankali amma daidai take. Balkissa ta yi kuka, ta yi masa faɗa, ta sake yin kuka. Sai ya ce a ba wa Baba.

Souleymane ya karɓi wayar da hannu biyu.

"Sannu, Khalil. Ya jikin?"

Khalil ya ce da sauƙi. Ya ce tun da ya bar layin abinci bai tuna komai ba. Amma ya duba wayarsa. Bai kira Mama ba, bai kira Alexander da ke kusa da shi ba. Baba kaɗai ya kira.

"Me na ce maka?"

"Ka ce in zo in ɗauke ka."

"Kai kuma me ka ce?"

Balkissa tana gefe tana girgiza masa kai, kada ya faɗa. Yaron bai tuna ba, ba kuma wanda zai tuna masa. Souleymane ya dubi fuskar ɗansa. Bai iya ƙarya ba, ko a yau.

"Na ce ka sha giya. Na kashe wayar. Ka sake kira, na ƙi ɗauka."

Khalil ya dube shi. Bai yi fushi ba, bai yi kuka ba. Ya ce, "Na gaji, Baba. Zan kwanta."

Da ya samu ƙarfi ya dawo Maryland, ya koma karatunsa. Souleymane ya roƙe shi gafara, ya ce ya yafe. Yana zuwa gida hutu, yana durƙusawa ya gaida ubansa, suna cin tuwo a kwano ɗaya. Amma in jikinsa ya yi masa wani iri, uwarsa yake kira. In bai same ta ba, sai ya kira Katung.

Souleymane yana nan yana tuƙi. Ya manna wayarsa a gaban sitiyari, ya ƙure mata ƙara, ko da fasinja a mota ba ya bari ta yi kuka sau biyu. Masu talla suna kira, abokan aiki suna kira, ƴan'uwa daga Maraɗi suna kira. Khalil bai sake kiran wannan lambar ba.

Darasi: In ɗanka ya kira ka cikin wahala, ka fara tambayar inda yake kafin ka tambayi abin da ya yi. Faɗa yana iya jira har gobe, mai neman ceto ba ya iya jira. Kada ka bar zargin da ke zuciyarka ya toshe maka kunne, kuma ka san ciwon ƴaƴanka da kanka, kada ka bar wa uwarsu ita kaɗai. Ku tura wa duk uban da kuka sani mai saurin kashe waya.