Babban Inji da Ƙaramin Birki

Akwai wani mutum mai gidan casar shinkafa. Yana da inji mai jan sarƙa da ke ɗaga buhuna zuwa bene, biyu biyu. Da Allah ya buɗa masa kasuwa, sai ya sayo babban inji mai ɗaga buhu takwas, ya kira wani tsohon makanike mai suna Kefas ya ɗaura masa.

Kefas ya gama ɗauri, ya tsaya yana duban tsohon birkin. Ya ce, "Maigida, wannan birkin na buhu biyu ne. Sai an sake shi."

Mutumin ya ce, "Bai shiga wurinsa ba ne?"

"Ya shiga. Igiyar akuya ma tana shiga wuyan bijimi, amma ba ta riƙe shi. Ba a auna birki da ido. Sai an san nauyin kaya, da gudun injin, da yawan tsayawar da zai yi a wuni."

Mutumin ya ta da injin, ƙugiya ba kaya, ya ja birki, sarƙa ta tsaya cak. Ya yi dariya ya ce, "Ka gani, Baba? Tsufa ne ya sa maka tsoro."

Kefas ya ce, "Iska ka tsayar." Ya kwashe kayan aikinsa ya tafi.

Ran kasuwa aka yi ta ɗagawa da saukewa tun safe, har birkin ya ɗau zafi. Habila, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ke ɗaura buhuna a ƙasa. Ya ce, "Maigida, ina jin ƙauri." Aka ce masa aikinsa ɗauri ne, ba shinshina ba. Bayan azahar wuta ta ɗauke, buhu takwas suna reto kusa da bene. Aka ja birki, ya zame. Habila ya yi tsalle, amma buhu ɗaya ya same shi, ƙafarsa ta karye.

Mutumin ya ɗauke shi da hannunsa zuwa asibiti. Da ya dawo ya tara ma'aikata ya ce, "An gaya mini sau biyu, na ƙi ji. Laifina ne." Ya ciyar da gidan Habila har ƙashi ya haɗu. Ya kuma taka da ƙafarsa zuwa gidan Kefas.

Kefas ya auna, ya sa birkin da ya dace. Ya ɗora buhu goma, ya kori kowa daga ƙasa, ya kashe wuta da gangan. Kayan suka tsaya a sama, ko motsi. Da Habila ya warke, shi aka damƙa wa birkin, domin hancinsa ya riga na kowa.

Ma'anar wannan misali ita ce: injin shi ne ƙarfin da Ubangiji yake ƙara wa mutum, ko muƙami, ko ilimi, ko bakin da ake saurara. Birkin kuwa kamun kai ne. Shekara talatin da huɗu na yi da alli a hannu, na kuma ga waɗanda na koya wa baƙaƙe sun zama dattawan ikkilisiya da shugabanni amma haƙurinsu bai wuce wanda suke da shi tun suna aji uku ba. Ranar salama kowa mai haƙuri ne. Wannan gwajin ƙugiya ba kaya ne. Idan birkinmu ya zame, ba a kanmu kayan ke faɗuwa ba, a kan na ƙasa da mu ne. Ban kuwa yarda a ce "tsautsayi ne" a share zance ba, alhali an yi gargaɗi.

Amma ku lura, ƙaunatattu, Kefas bai ce a mayar da babban injin ba. Allah ba ya ƙyashin girmanmu, Ruhunsa kuma yana ba da kamun kai daidai da nauyin da ya ɗora mana. Mu roƙa, zai bayar. Wanda kuma ya san yana da Habila a gida ko a wurin aiki, kada Lahadi mai zuwa ta same shi bai je ya ce "Laifina ne" ba.