Siririyar Waya a Bayan Tebur

A wani gari akwai wani mutum mai shagon buga takardu. Shagon ba babba ba ne, yana bakin hanyar kasuwa, tsakanin tela da mai sayar da magani. A ciki akwai kwamfuta guda ɗaya, da firinta, da sikana, da 'yar lasifika da suke jin waƙoƙin yabo da ita idan aiki ya yi sauƙi. A nan ake buga katin aure, da tsarin sujadar jana'iza, da takardun masu neman aiki.

Mutumin yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Zakka, magidanci ne da matarsa da 'ya'yansa. Zakka ne yake zama gaban kwamfutar tun safe, yayan kuwa yakan fita neman aiki a makarantu da majami'u, ya sayo takarda da tawada. Kowannensu yana da mabuɗin shagon a aljihu. Sun daɗe a haka, Allah kuma ya sa wa aikin hannunsu albarka.

Ran nan wani maƙwabci, irin mutanen nan da benci ya san su fiye da gona, ya tare yayan a hanya ya ce, "Kai dai kana ta shan rana. Ni kuwa ina ganin masu shiga shagonka idan ba ka nan. Ni fa ban ce komai ba."

Ya kuwa faɗi komai. Daga ranar mutumin ya soma ganin abin da da ba ya gani. Tawada tana saurin ƙarewa, sai ya ce a ransa Zakka yana buga wa mutanensa aiki a ɓoye. Ya manta sarai cewa shi da kansa ne ya koma sayen tawada mai arha. Idan ya dawo ya tarar Zakka yana dariya da wani, sai ya ce dariyar nan da shi ake yi. Idan ya tarar da shi shiru, sai ya ce akwai abin da yake ƙullawa. Zakka ya sayi sabon takalmi ya sa zuwa majami'a, yayan ya bi takalmin da ido har aka tashi daga sujada.

Tambaya ɗaya da ta isa ta kashe maganar. Amma bai tambaya ba, gama yana ganin tambaya za ta sa ɓarawo ya ƙara wayo.

Sai ya je wani gari inda ba a san shi ba, ya sayo wata 'yar kyamara, girmanta bai wuce ƙwayar goro ba, da doguwar siririyar waya baƙa. Ran Lahadi, bayan an tashi daga sujada, da littafin waƙoƙi a hammata, ya biya ta shago ya rufe ƙofa ta ciki. Ya huda wani tsohon kwali da yake saman kanta, ya ɓoye kyamarar a ciki, idonta yana kallon kujerar Zakka. Ya bi da wayar ta bayan kantar, ya jona ta a bayan kwamfuta, can ƙasa inda sai ƙura da yanar gizo-gizo, inda ba mai leƙawa.

Daga nan, duk lokacin da Zakka ya tafi cin abinci, sai yayan ya zauna ya buɗe abin da kyamarar ta ɗauka. Me ya gani? Ya ga Zakka yana shara. Ya ga yana buga aiki, yana ɓare gyaɗa, wani lokaci yana gyangyaɗi. Ya taɓa ganinsa ya sunkuyar da kai yana addu'a kafin ya taɓa aiki. Da wani ne, da ya ji kunya ya cire abin. Shi kuwa sai ya kaɗa kai ya ce, "Lalle mutumin nan ya iya taku. Zan kama shi."

Ana nan, wata safiya, Zakka ya danna kwamfuta ta ƙi tashi. 'Yar fitilarta ta kama, fankarta tana kaɗawa, tambarin masu ƙera ta ya fito a fuskarta, sai ta tsaya cak. Ya kashe ya sake kunnawa, nan dai ta tsaya. Ga shi kuwa akwai tsarin sujadar wani aure da aka ba su, auren ya matso, aikin duk yana cikinta ba a buga ba.

Da yayan ya shigo ya gani, bai ko amsa gaisuwa ba.

Ya ce, "Me ka yi mata?"

Zakka ya ce, "Wallahi Yaya, jiya lafiya lau na kashe ta."

"Wa ya taɓa ta bayan na fita? Aikin wa ka sa mata?"

"Ba wanda ya taɓa ta sai ni. Aikin auren nan kaɗai na yi."

Yayan ya yi murmushin da ba na alheri ba. A ransa ya riga ya gama shari'a: Zakka ya gane ana binsa, ya lalata kwamfutar da gangan don ya ɓatar da sawu. Ya ce, "Zan kira mai gyara. In ya duba ya ga matsalar daga cikinta take, inda hannunka kaɗai yake shiga, to, ka ajiye mini mabuɗina. Zaman ya ishe ni."

Zakka ya dube shi ya ce, "To, Yaya."

Aka kira Malam Yunana mai gyaran kwamfuta, dattijo ne mai sanyin magana, shagonsa yana bayan tasha. Shi ma bai tsira ba, gama tun kafin ya ajiye jakarsa mai shagon ya fara tunanin ko sun haɗa baki da Zakka. Malam Yunana ya kunna kwamfutar, ya ga inda take tsayawa, bai ɗauko ko sukudireba ba.

Ya ce, "Kada mu yi saurin buɗe ta. Kun ga ita wannan, idan za ta tashi, sai ta bi duk abin da aka jona mata tana gaishe shi, kamar maigida da safe. Ta gai da firinta, ta gai da sikana, kowa ya amsa. In ɗaya ya lalace ya ƙi amsawa, sai ta tsaya a ƙofarsa tana jira, ba za ta wuce ba. Don haka a cire mata komai tukuna, a bar wayar wuta da ta fuska kaɗai. In ta tashi, sai mu mayar da su ɗaya bayan ɗaya mu ga mai laifin."

Zakka ya miƙe zai zagaya bayan tebur. Yayan ya yi wuf ya tare shi.

"Zauna! Ka taɓa ta ya isa haka. Ni zan cire da kaina."

Ya kutsa bayan tebur da babbar rigarsa, ya durƙusa cikin ƙura. Ya zare wayar firinta, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani. Ya zare ta sikana, da ta lasifika, da ta kibod, wato allon haruffa, da ta linzamin kwamfuta. Hannunsa ya kai kan siririyar baƙar wayar nan, ya tsaya. Idan ya zare ta, sai ya ɗaga ta kamar sauran, sai kuma a tambaye shi ta mece ce. Ya ce a ransa, ai wannan 'yar mitsitsiyar aba ba za ta hana babbar kwamfuta tashi ba. Ya tura ta ƙasa da yatsa, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

Malam Yunana ya ce, "An cire duka?"

Yayan ya ce, "Duka."

Aka kunna. Fitila ta kama, tambari ya fito, ta tsaya inda ta saba tsayawa.

Malam Yunana ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, in haka ne abin daga ciki yake. Sai na tafi da ita shago. Ban kuma yi muku alkawarin aikin da yake cikinta zai tsira ba."

A nan ne fa mutumin nan ya yi abin da ya fi ba ni haushi a labarin duka. Ya san akwai waya ɗaya da ta rage. Yana iya cewa a dakata. Amma sai ya juya wajen ƙanensa ya ce, "Ka ji ko? Daga ciki."

Zakka ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗi.

Malam Yunana ya zare wayar wuta da ta fuska, ya rungumi kwamfutar zai ɗaga. Ta ƙi tahowa, kamar akuyar da aka ɗaure. Ya ƙara ja, sai ga tsohon kwali ya faɗo daga saman kanta, tim, a kan tebur. 'Yar kyamarar ta fito tana lilo a bakin wayarta.

Ya ce, "Af! Wannan kuma ta mece ce?"

Ya zare ta, ya mayar da wayar wuta da ta fuska, ya danna. Kwamfuta ta wuce tambarin nan ba ko gardama, ta buɗe tas. Ya mayar da kibod, ta karɓa. Ya mayar da linzami, da firinta, da sikana, da lasifika, yana kashewa yana kunnawa, ba wanda ya hana ta tashi. Ya juya kyamarar a tafin hannunsa ya ce, "Ga mai laifin. Zafi ya dafa ta a cikin kwali, ta daina amsawa." Ya dubi 'yan'uwan biyu, ya ga wannan gyaran ba na sana'arsa ba ne, ya ɗauki jakarsa ya yi sallama.

Zakka ya dubi ramin da aka huda a kwalin, ya dubi saman kanta, ya dubi kujerarsa.

Ya ce, "Yaya, tun yaushe?"

Yayan ya ce da ƙyar, "Tun farkon damina."

"Me ka gani?"

"Ban ga komai ba."

"Da ka tambaye ni, Yaya. Ciki ɗaya muka fito."

Zakka ya zauna ya buga tsarin sujadar auren, ya ninke shi tsaf, ya ɗaure, don masu aure ba su da laifi. Sa'an nan ya ajiye mabuɗin a kan kibod, ya fita. Tun daga ranar kwamfutar ba ta sake ƙin tashi ba, amma yayan ne yake zama a gabanta shi kaɗai, yana laluben haruffa da yatsa ɗaya.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Kwamfutar nan zuciyarka ce. Wayoyin da aka jona mata su ne abubuwan da ka ɗaura wa ranka: sana'a, da iyali, da abokai, da waya a hannu, da sauransu. Yawancinsu ba su da laifi. Amma akwai ranar da za ka tashi ka ji zuciyar ta ƙi tashi. Ka durƙusa addu'a, ta tsaya maka a maƙogwaro. Ana waƙa, bakinka yana motsi, ciki kuwa shiru. Gida ya yi maka ƙunci ba ka san dalili ba.

Me muke yi a irin wannan rana? Sai mu waiga neman wanda ya taɓa mu. Matata ce. Surukata ce. Fasto ya daina wa'azi mai ratsa jiki. Wani ya yi mini asiri a ƙauye. Na sha zama da masu irin wannan kuka, wani ya kawo mini sunayen mutum goma da suka ɓata masa rai, nasa sunan kuwa ba ya ciki.

Idan Ubangiji ya ce mana mu ajiye komai mu tsaya a gabansa mu kaɗai, mukan yarda, har da rawar jiki. Mu cire waɗanda ba wuya, mu ɗaga su sama kowa ya gani. Na yi azumi. Na rage hira. Na daina zaman majalisa. Sai ya tambaye mu, an cire duka? Mu ce, duka. Alhali akwai siririyar waya can ƙasa, wadda mu muka jona ta da hannunmu, muka kuma san inda take.

Ga mutane da yawa a cikinmu, wayar nan ita ce zargi. Wani ya raɗa maka magana a kan ɗan'uwanka, ko matarka, ko wanda kuke hidima tare, ba ka je ka tambaye shi ba, sai ka sa masa ido. Kana gaishe shi da fara'a kana ƙirga takunsa. Ka daɗe kana kallo ba ka ga komai ba, duk da haka ba ka sauke ba. Kana ganin abin ƙarami ne, ba zai hana addu'a tashi ba. Yana hanawa. Zuciya takan tsaya a ƙofar wannan mutumin da ka ƙi amincewa da shi, ba ta wucewa zuwa wurin Allah.

Ku kuma lura, abin da ya kori Zakka ya fi kyamarar. Da yayan ya zare wayar da hannunsa ya ce, ƙanena, ga abin da na yi, ka gafarta mini, da sun yi faɗa sun shirya kafin la'asar. Amma ya gwammace a ɗora wa marar laifi laifi da a ga abin da ya ɓoye. Abin da ka ƙi cirewa da kanka, ranar da aka jawo shi zai faɗo a gaban kowa.

An ce kyamarar tana nan a aljihun teburin mutumin har yanzu. Kullum yakan ce gobe zai ɗauke ta ya je gidan Zakka ya roƙe shi, kullum kuma yakan sami dalilin ɗagawa, ko da yake gidan bai fi tafiyar ƙafa ba.

Kai da kake saurarona, tun ina ba da labarin nan akwai fuskar da ta zo maka a rai. Wataƙila mai fuskar yana zaune cikin ɗakin nan. Idan an tashi, kada ka wuce gida. Ka same shi ka yi masa tambayar da ka daɗe kana ɓoyewa, tun mabuɗin yana aljihunsa.