Kyanwar da Ta Gaji da Barka

Ba ku da aiki sai roƙon tatsuniya, ni ga baya na ciwo. To, ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata Kyanwa ce a bayan mahauta. Haihuwarta tara, yunwa ta kwashe 'ya'yan, saura ɗaya, shi ma duk ya rame. Kowace haihuwa dabbobi su zo barka hannu rabbana.

Rannan ta ɗauki ɗan a baki ta kama hanya. Akuya uwar gulma ta tare ta: "Yaya Kyanwa, sai ina?"

Ta ajiye shi ta numfasa. "Gidan da mutane ke karɓar dabbobi marasa galihu."

"Can da likita ke yi wa mace aiki haihuwa ta tsaya? To wa za mu yi wa barka?"

"Barkarku tara na sha, ko ƙayar kifi ban gani ba. Wannan ɗayan nake so ya girma."

Aka yi mata aikin. Wata mai tuyar ƙosai ta ɗauke su duka biyu. Akuya na ta yawo tana cewa abin tausayi. Kyanwa ba ta ji ba, tana barci, ɗanta ya ƙoshi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ku tashi ku kwanta, kar in sake jin tari.