Tasalla da Furen Gindin Randa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wata mata ce wai ita Tasalla, tana da wani fure da ta gada wurin uwarta. A gindin randa yake, don ba ya son rana, sai inuwa da laima. Duk shekara yakan kwanta kamar ya mutu. Da bazara ta kama sai ya farka, ya yi fure ruwan ɗorawa. Kaf garin ba mai irinsa.

Sai maƙwabciyarta Kande ta zo. "Tasalla, ɗan tsaga mini saiwa ɗaya mana."

"Ke mai akuyar nan mai cin tsumma? A'a."

Sai Ladingo mai ƙosai ta zo ta roƙa.

"Hayaƙinki ya kashe mini shi? A'a."

Sai ƙanwarta Barmani ta zo. "Yaya, ni ma fa uwata ce."

"Ni ta bar wa randar."

Ana nan, sai wata bazara ta zo, furen bai fito ba. Ganyen ma ya soma yaushi. Hankalin Tasalla ya tashi. Sai ta tona ƙasar, ta tarar saiwoyin sun yi yawa, sun cukurkuɗe, suna shaƙe juna. Sai ta tsaga su kashi huɗu, ta mayar da ɗaya. Saura uku, ga randarta ɗaya tak, ga rana tana ɗagawa.

Sai ta zuba su a ƙwarya, ta rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta fita ta kai wa waɗanda ta hana.

Kande ta ce, "Akuyar tana nan fa."

"Ɗaure ta, don Allah."

Ladingo ta ce, "Yau ba kya jin hayaƙi?"

"Mura nake yi, karɓi."

Barmani kuwa sai ta durƙusa ta tona gindin randarta.

Da bazara ta dawo, gida huɗu suka yi fure, na Tasalla har ya fi na da. Duk wanda ya tambaya, sai a ce, "Ai furen Tasalla ne." Ita kuwa sai ta ci ado, ta bi gida gida tana taƙama, wai ta zo duba jikokinta.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. Da Tasalla ta ci gaba da rowa, da yau ko ganyensa babu.