Tabawa da Rabin Lada

A zamanin da, a wata ƙasa mai yawan abokan gaba, ruwan damina ya rushe ganuwar birni ta gabas. Sarki ya sa aka yi shela cewa duk mai ƙarfi, mace ko namiji, ya fito yin tubali, za a biya shi. Amma Waziri, wanda aka danƙa wa aikin, ya yanke cewa mace rabin ladan namiji za ta karɓa, wai don ita ciyar da ita ake yi.

Cikin matan akwai Tabawa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Ta kwaɓa ƙasa, ta jera tubali daidai da na kowane ƙato. Da ta kai kuka ƙofar Waziri, dogarai suka kore ta.

To, Waziri shi ne babban mai sayar da hatsi a birnin. Ranar kasuwa Tabawa ta ja mata suka bar bakin ganuwa, suka nufi rumfarsa. Kowacce ta auni gero, ta ajiye rabin kuɗi, ta ɗau ƙwaryarta. Nan take aka kama Tabawa, aka gurfanar da ita a fada, Waziri na neman a yi mata bulala a bainar jama'a.

Sarki ya tambaye ta dalili. Ba ta sunkuyar da kai ba, ta ce:

"Allah ya ba ka nasara, hukuncin Waziri muka bi. Shi ya ce mace rabi ce. In rabi ce wajen karɓa, ai rabi ce wajen biya. In kuwa geronsa bai san mace ba, tubalina ma bai sani ba."

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya yi ta gyara rawani. Ga shi kuma mata sun rantse ba mai taɓa laka sai an sake ta, ganuwa kuwa tana nan a buɗe.

Sarki ya umarta a daidaita lada, a kuma cika wa mata abin da aka tauye musu daga rumbun Waziri. Sannan ya sa a kawo wa Tabawa zane mai tsada.

Ta durƙusa ta yi godiya, ta tura zanen gaban Sarki.

"Ranka ya daɗe, ba kyauta na zo nema ba. Haƙƙina ya ishe ni."

Ta tashi ta koma bakin aiki, mata na biye da ita.