Kwanon da Ya Fito Wayam

Ku gyara zama, wannan maganar ba a jin ta a tsaye.

A wani ƙauye mai suna Rafin Gawo yara suka riƙa ramewa, alhali rumbuna cike suke. Sai asibitin birni ya turo ma'aikata uku su binciko abin da yaran ke ci: Kuluwa da Mantau da Saude. Wanda ya fi tayar musu da hankali shi ne Ilu, ɗan shekara huɗu, gashi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura.

Kuluwa aikinta tambaya. Ta zauna da Lantana, uwar yaron, ta ce, "Baiwar Allah, me ɗanki yake ci?" Lantana ta sunkuyar da kai ta ce, "Abin da kowa ke ci. Tuwon dawa, miyar kuka, wake, wata rana har da kifi." Kuma ba ƙarya ta yi ba, abin da ake dafawa ke nan.

Mantau bai yarda da bakin mutum ba, sai sikeli. Da yake namiji ne, a zaure ya tsaya. Ya auna kwanon tuwon yaran gidan su biyar kafin a kai musu, aka fito da shi wayam ya sake aunawa, ya raba biyar, ya ce rabon kowa ya isa.

Saude ta yi musu dariya, ta ce ita sai ta gani da idonta. To, kun dai san halinmu da baƙo. Ana jin za ta zo kakar gidan ta sa aka yanka zakara, aka zuba wa kowane yaro nasa daban. Ilu ya ci har yana nishi.

Baki ya zo ɗaya: ciwon Ilu ba na abinci ba ne. Aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka wuce gaba.

Ba a jima ba aka kawo shi asibiti ranga-ranga. Likita ta duba shi ta ce, "Yunwa ce." Kuluwa ta ce, "Yunwa? A gidan da mu uku muka shaida ana ƙoshi?" Likita ta ce za ta iya tashinsa da madara, amma in aka mayar da shi gida ba a gano dalili ba, gawarsa za a ɗauko.

Kuluwa ta zauna jugum tana bin hirarsu da Lantana kalma-kalma, sai ta tuna wani abu. Ko sau ɗaya matar ba ta ambaci sunan yaron ba. Ashe ɗan fari ne! Kunya ba ta barin ta zauna kusa da shi, balle ta leƙa kwanonsa. Tana ganin yana ƙarewa, amma bakinta ya kasa faɗa. Wato babu mai kallon cin Ilu a gidan nan.

Da ta faɗa musu haka, Mantau ya dafe kai yana salati. Ya tuna ranar da aka miƙo masa kwanon wayam, sai da ya ƙona masa yatsu. An cinye tuwon tun yana tururi. Manyan yaran sauran matan gidan masu taurin hannu ke kwashewa, Ilu na jiran ya huce, ya tashi da lasar miya.

Saude kuwa kuka ta fashe da shi. Ta ce ranar zakara ta ga Ilu ya kare farantinsa da hannu ɗaya yana ci da ɗayan, ita kuma har tana yaba masa. Ashe cin mai tsoron a ƙwace ne. Ta ce maganin ma ta gan shi ba ta gane ba: a ware masa kwanonsa.

Haka aka yi. Lantana ta haɗiye kunya ta riƙa zama gefensa har ya cinye, ko da yake har yau ba ta faɗin sunansa. Ilu ya tashi.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma gaskiyar tasu ce ta kusa kai yaro kushewa. Da an cire tunawar mutum ɗaya, da bai rayu ba. Yanzu ga wani ƙauye can gaba da irin wannan ramar, kuma mutum ɗaya asibiti zai iya turawa. To, in ɗanku ne a can, wa za ku ce a tura: mai tambaya, mai awo, ko mai gani da ido?